Ɗana yana son ya bi sawun Waliyyi Dominik Sabiyo, amma yadda ya ɗauki abin ya fara ba ni tsoro

Maman Yara, Yelwan Tudu, Bauchi

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku, iyayena da ƴan'uwana. Ni mai ɗinki ce, ina da yara huɗu, kuma maganar da na kawo ta shafi babbansu, wanda ya cika shekara 13 a daminar da ta wuce. Yana cikin yaran da ke hidima a bagadi, yana kuma zuwa ajin masu shirin karɓar Sakramentin Tabbatarwa. Da aka ce kowane yaro ya zaɓi waliyyin da zai ɗauki sunansa, sai ya zaɓi Dominik Sabiyo, domin malaminsu ya gaya musu cewa yaro ne kamarsu, kuma bai kai shekara 15 ba ya rasu, daga baya aka ayyana shi waliyyi. Ranar da ya dawo gida da wannan labari na yi murna ƙwarai, har na gode wa Allah a zuciyata.

Abin da ya biyo baya ne ya hana ni barci. Ya daina shan koko da safe, yana cewa azumi yake yi, har malamar ajinsu ta aiko mini cewa jiri ya ɗebe shi a filin taro. A tsakiyar hunturun nan na tashi da dare domin in rufe ƙannensa, sai na tarar ya sauka daga katifa ya kwanta a kan siminti, babu tabarma, babu bargo, ya dunƙule kamar ɗan tsako, leɓɓansa duk sun tsage. Tun daga ranar yake tari. A bangon littafinsa na lissafi kuma na ga ya rubuta da manyan baƙaƙe: “Gara mutuwa da zunubi.”

Duk da haka, halinsa a gida bai sauya ba, in ma bai ƙaru ba. Ya mari ƙanwarsa saboda ta taɓa rozarinsa, in na aike shi ɗibar ruwa sai ya ce addu'a yake yi, kuma ranar Lahadin da ta wuce ya dubi mahaifinsa ya ce masa wanda ya makara zuwa Mas ya yi zunubi. Mahaifinsa ya fusata, ya ce zai cire shi daga hidimar bagadi gaba ɗaya. Ni ba na son a kashe wutar da Allah ya kunna a zuciyar yaro, amma kuma ba zan zuba ido yana cutar da jikinsa yana raina na gaba da shi ba. Ta yaya zan bi da shi? Akwai kuma abin da nake jin nauyin faɗa, amma zan faɗa: duk waliyyan da ake ba yaranmu labarinsu sun mutu suna ƙanana, kuma ni uwa ce, ina son in ga ɗana ya girma.

Baba Katikis mai ritaya, Bauchi

Ƴata, sannu da ɗawainiya, Allah ya raya miki su. Ki kwantar da hankalinki, domin abin da ɗanki yake yi shi ne ainihin abin da Dominik Sabiyo ya fara yi, kuma shi ne abin da aka hana shi. An ba yaron rabin labari, sauran rabin ne maganin damuwarki.

An haifi Dominik a ranar 2 ga Afrilu 1842 a wani ƙauye kusa da birnin Turin a arewacin Italiya. Mahaifinsa maƙeri ne, mahaifiyarsa kuwa mai ɗinki ce kamarki. Kalmomin da kika gani a bangon littafin ɗanki suna cikin alkawura huɗu da ya rubuta ranar da ya fara karɓar Jibi Mai Tsarki yana da shekara 7, kuma su ne na ƙarshe a cikinsu. Ukun farko su ne zai riƙa furta zunubansa a kai a kai yana karɓar Jibi gwargwadon yadda Fada ya yarje masa, zai kiyaye ranakun idi, kuma Yesu da Maryamu ne za su zama abokansa. A shekarar 1854, yana da shekara 12, ya shiga makarantar da wani Fada mai suna Don Bosko ya buɗe wa yara maza a Turin. A haɗuwarsu ta farko Don Bosko ya kwatanta shi da yadi mai kyau, yaron kuma ya amsa cewa in shi yadi ne, to Don Bosko ya zama telan da zai ɗinka wa Ubangiji riga da shi. Ke da kike riƙe almakashi kullum kin san yadi ba ya yanka kansa.

To, bayan ya ji wani wa'azi a kan cewa Allah yana son kowa ya zama mai tsarki, sai yaron ya shiga damuwa, ya daina wasa, ya fara neman hanyoyin wahalar da jikinsa. Ya so ya riƙa azumi a kan burodi da ruwa kawai, ya riƙa zuba tsakuwa da guntayen itace a shimfiɗarsa, kuma a cikin sanyin ƙasarsu, wanda hunturunmu bai kama ƙafarsa ba, ya riƙa kwana da mayafi marar kauri. Da Don Bosko ya gane, sai ya hana shi dukansu, ya kuma kafa masa doka cewa kada ya sake ɗora wa kansa wani horo sai da izini. Ya gaya masa cewa horon da Allah yake so daga gare shi shi ne biyayya, da haƙuri da zafi, da sanyi, da gajiya, da zagin abokai, wato abubuwan da rana takan kawo da kanta ba sai an je nemansu ba. Ya kuma umarce shi ya kasance mai fara'a, ya yi karatunsa da addu'arsa a kan kari, ya fita filin wasa tare da sauran yara. Wannan labari daga bakin Don Bosko kansa ya fito, domin shi ya rubuta tarihin yaron a 1859.

Dominik ya bi wannan umarni, kuma a nan tsarkinsa ya nuna. Wata rana manyan yara biyu suka yi alkawarin raba gardama da jifa, sai ya bi su har wurin, ya tsaya a tsakaninsu ya ɗaga ɗan gicciyensa, ya ce wanda zai yi jifa ya fara da shi, daga nan faɗan ya mutu. Kafin zuwansa Turin ma, a makarantar garin Mondoniyo, wasu yara sun cika murhun ɗumama aji da ƙanƙara suka ɗora masa laifin, ya sha faɗa a gaban aji bai ce uffan ba, sai daga baya gaskiya ta fito. A 1856 ya tara abokansa suka kafa ƙungiya da sunan Maryamu, aikinsu shi ne jawo sabon yaro mai kewar gida a jiki, da kula da marar lafiya, da yin ƙananan ayyukan da kowa ke gudu.

Hausawa suna cewa hali zanen dutse, amma Ikkilisiya tana koyar da cewa nagarta ɗabi'a ce mai ƙarfi ta aikata alheri, wadda mutum ke ginawa ta wurin maimaita aiki mai kyau, alherin Allah kuma yana tsarkake ta yana ɗaukaka ta. Ke ba rana ɗaya kika iya jan layin ɗinki ya miƙe ba. Saboda haka ki kai shi wurin Fada, ki faɗi duk abin da kika faɗa mana, domin yaro mai irin wannan zafin nama yana bukatar wanda zai ce masa “yi” ko “bari”, ya kuma ji. Ki sani cewa dokar Ikkilisiya ba ta ɗora azumi a kan kowa ba sai ya cika shekara 18, kuma a ranaku biyu ne a shekara, Larabar Toka da Jumma'a Mai Kyau. Ƙaurace wa nama ma sai daga shekara 14 yake farawa. Maƙwabtanmu Musulmi, da azumi ke da girma sosai a wurinsu, su ma da rabin yini suke fara wa ƙananan yara. Ki buɗe masa 1 Sama'ila 15:22 ya karanta da bakinsa cewa biyayya ta fi hadaya, sannan ki miƙa masa bokiti.

Malamin Sakandare, Tumfure, Gombe

Baba, Allah ya ƙara girma, kun warware mana abin da yawancinmu ba mu sani ba. Amma ina neman izini in ɗan saɓa muku a kan labarin murhu da ƙanƙara, domin ina tsoron yadda yaro mai irin zuciyar ɗan Yayata zai ɗauke shi. Shekarata 11 ina koyarwa, kuma na ga yaran da aka zalunta suka yi shiru saboda an koya musu cewa shiru shi ne tsarki. Na taɓa koyar da wani yaro a makarantar kwana da manyan ɗalibai suka yi wata da watanni suna ƙwace masa abinci, bai gaya wa kowa ba har ya rame, da muka tambaye shi sai ya ce yana miƙa wahalarsa ga Yesu. Waɗanda suka cuce shi kuwa suka ci gaba da cutar wasu. Dominik ya yi shiru ne a kan laifi ɗaya, domin ya san yaron da ya aikata yana da laifuffuka a baya kuma za a iya korarsa, shi kuwa za a yi masa faɗa ne kawai. Wannan lissafi ne na mai hankali. A cikin manyan nagarta huɗu da katikisim ya lissafa, wato basira, da adalci, da ƙarfin zuciya, da kamun kai, basira ce ke gaba, domin ita ke nuna wa sauran inda za su sa ƙafa. In aka cire ta, ƙarfin zuciya yakan koma taurin kai, kamun kai kuma ya koma kwana a siminti.

Yaya, ina ba ki shawara ki haɗa masa da labarin Karlo Akutis, domin rayuwarsa ta fi kusa da ta yaranmu. An haife shi a Landan a 1991, ya tashi a Milan, ya rasu a ranar 12 ga Oktoba 2006 yana da shekara 15 sakamakon sankarar jini, kuma Fafaroma Leo na 14 ya ayyana shi waliyyi a ranar 7 ga Satumba 2025. Yana son wasan kwamfuta kamar kowane yaro, bai kuma jefar da shi ba, sai ya yanka wa kansa awa ɗaya a mako ya tsaya a kanta. Kuɗin kashewarsa yakan saya wa masu kwana a titi abin rufa, yakan tsaya wa yaran da ake tsangwama a makaranta, kuma gwanintarsa ta kwamfuta ya zuba ta wajen tattara labaran al'ajiban Jibi Mai Tsarki a intanet. Abin da ya fi shafar gidanki shi ne wannan: iyayensa ba masu zuwa coci ba ne sosai, mahaifiyarsa ta faɗa da bakinta cewa ta dalilinsa ta dawo ga bangaskiya, kuma abin da ya jawo ta shi ne tambayoyinsa da naciyarsa ta zuwa Mas kullum. Ɗanki yana son mahaifinsa ya daina makara, to ga wanda ya riga shi bin hanyar.

A aji, abin da na ga yana aiki shi ne a ɗauki hali ɗaya tak a mako, a kuma ɗaure shi da wani aiki da ido ke gani. In haƙuri ne, to haƙuri da ƙanwarsa idan ta taɓa kayansa. Da dare, kafin ya kwanta, ya tambayi kansa sau nawa ya ci nasara, sau nawa ya faɗi, ya gode wa Allah a kan na farko, ya roƙi gafara a kan na biyu, ya ja bargo ya yi barci. Ki lura kuma ko ya fara ganin zunubi a inda babu zunubi, domin waswasi ciwo ne da ke kama masu son Allah, kuma Fada ya san yadda ake bi da shi.

Goggo ta Zumuntar Mata, Kaltungo

Ƙanwata, maza sun amsa miki maganar azumi da bargo, ni kuma zan taɓa wadda kika ji nauyin faɗa, domin na san ita ce ta fi ci miki rai. Na binne ɗa yana da shekara 16, saboda haka ba zan ce miki tsoronki ba shi da tushe ba. Amma tsarki ba shi ne ya kashe Dominik ba. Ciwon ƙirji ne ya kama shi a zamanin da babu magungunan da muke da su yau, aka mayar da shi gida Mondoniyo, likita ya yi ta cire masa jini kamar yadda ake yi a lokacin, ya rasu a ranar 9 ga Maris 1857. Don Bosko da ya rene shi ya kai shekara 72. Mika'ilu Ruwa, wanda yake cikin ƙungiyar nan da Baba ya ambata, ya girma ya zama Fada, ya gaji Don Bosko, ya rayu har 1910. Hanya ɗaya suka bi, Allah ne ya raba musu kwana.

Sai dai ina roƙonki kada ki goge abin da ya rubuta a bangon littafinsa, kada kuma mu tausasa labarin har ya rasa ƙashi. Yaranmu za su tarar da ranar da gaskiya za ta yi tsada: ranar da za a miƙo musu amsar jarrabawa a ɓoye, ranar da abokai za su ba su ƙwaya, ranar da rikici zai tashi a gari a ce su ɗauki dutse su rama. Mu a nan Gombe ta kudu mun san irin wannan rana. Ki ba shi labarin Kizito, ɗan Afirka kamarsa, wanda shi ne ƙarami a cikin shahidai 22 na Katolika a Yuganda. Yaro ne mai hidima a fadar Sarki Mwanga na Buganda, ya ƙi yarda da lalatar da sarki ke nema daga yaran fada, Charles Lwanga, shugaban yaran fadar, ya yi masa baftisma a ɓoye da dare, kuma bayan ƴan kwanaki aka ƙone shi tare da Lwanga da wasu a Namugongo a ranar 3 ga Yuni 1886, yana da kimanin shekara 14. Fafaroma Bulus na 6 ya ayyana su waliyyai a 1964. Kizito bai tafi neman wuta ba, amma da ta zo bai sayar da ransa ba, kuma yana da babba a gefensa da ke ƙarfafa shi. Abin da kalmomin nan suke nufi ke nan, kuma yaro mai shekara 13 zai gane in an zauna da shi.

Game da maigidanki, kada ki yi masa maganar a gaban yara. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki nuna masa cewa yaron ya yi kuskure kuma dole ya durƙusa ya ba da haƙuri, sannan ki roƙe shi ya bar shi a bagadi. In aka cire shi yanzu, zai ɗauka an tsananta masa ne saboda Allah, girman kan da ake son a cire kuma sai ya ƙara samun gindin zama.

Baba Katikis mai ritaya, Bauchi

Malam, na karɓi gyaranka hannu biyu, kuma daga yau duk inda na ba da labarin murhun nan zan haɗa da abin da ka faɗa. Yesu kansa da aka mare shi a gaban babban firist ya tambayi dalilin marin, kamar yadda yake a Yohanna 18:23, saboda haka akwai lokacin shiru, akwai na magana. Yaron da babba ke cutarwa, musamman a jikinsa ko a mutuncinsa, wajibi ne ya faɗa, kuma wajibi ne mu saurare shi. Goggo, Allah ya ji ƙan ɗanki, ya sa yana hutawa cikin salama.

Maman Yara, Yelwan Tudu, Bauchi

Baba, Malam, Goggo, na gode, Allah ya saka muku da alheri. Goggo, na karanta amsarki sau uku ina share hawaye, kuma na bar rubutun a inda yake. Ranar Asabar na kai shi wurin Fada bayan Mas na safe, suka yi kusan awa ɗaya a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, ni ina zaune a nesa. Ban tambayi abin da suka tattauna ba, amma Fada ya kira ni ya faɗi a gabansa cewa babu azumi, babu kwana a ƙasa, kuma horonsa har zuwa Ista shi ne ya cika randa kafin ya tafi makaranta, ya kuma koya wa ƙanwarsa yadda ake jan rozari da wannan rozarin da ya mare ta a kansa. Daga can na wuce da shi asibiti saboda tarin, an ba shi magani, kuma ya fara sauƙi.

Ya durƙusa ya ba mahaifinsa haƙuri, ko da yake na ga abin ya yi masa nauyi fiye da kwana a siminti, har muryarsa tana rawa. Mahaifinsa bai ce komai ba a lokacin, amma bai sake tayar da maganar cire shi daga bagadi ba. Randa ta cika kwana huɗu a jere, a na biyar ya makara ya fita da gudu bai ɗebo ba, da ya dawo sai na same shi a bayan ɗaki yana kuka yana cewa ya karya alkawari. Na tuna da maganar Malam a kan waswasi, na ce masa ya ɗebo yanzu, gobe kuma ya sake farawa, na kuma sa a raina zan gaya wa Fada wannan. Malam, in ba damuwa, ka rubuto mini irin tambayoyin da kake ba ɗalibanka su yi wa kansu da dare, domin ina son mu riƙa yi tare da shi da ƙannensa bayan addu'ar kwanciya, kuma ina fatan mahaifinsu zai zauna tare da mu.